Ƙudajen da Ya Ɗaura da Gashin Zabina

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ba zan fara a wannan rubutun ba. Haka muka tashi a gidanmu. Uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya sa hannu a kwanon da yake ci. In ina son sa, sai in ce wa wani ya kira min yaron nan. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin tsohuwarmu, a can ya girma tare da ƙanena, autanmu, wanda bai ba shi shekaru masu yawa ba. Auta ne ya koya masa iyo a tabki, shi ya raka shi lakwal, makarantar boko, ranar farko, shi ya je neman masa aure. Yaron yana kiransa Baba Ƙarami. Ni ina kallo daga nesa ina jin daɗi, don a sanina abin da ya kamata ke nan.

Da ya zama mutum ya kama aikin tuƙi. Yakan ɗauko tsofaffin motocin Turai daga Kwatano ya kawo Maraɗi, wasu kuma ya wuce da su ta Ɗan Issa. A bayan ɗaya daga cikin motocin nan, ƙarƙashin wurin ajiye taya, ya tsinci wata doguwar jaka. A cikinta akwai sandar fatsa da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, da wani ƙarfe mai naɗe zare, da zare mai kauri launin gwanda, da ɗan akwatin ƙarfe cike da ƙugiyoyi da aka yi wa ado da gashin tsuntsu. Mai motar ya ce ba ya da abin yi da su. Yaron ya zo da su Madarumfa, ya dinga kallon yadda ake amfani da su a wayarsa har ya iya.

Irin wannan fatsa ba a sa mata tana ko wani koto. Ƙugiyar ce ake ɗaura wa gashi da zare har ta yi kama da ƙwaro, shi da Auta suna kiranta ƙuda. Ƙudan ba shi da nauyi, don haka zaren ake jefawa: a kaɗa shi gaba da baya a sama da kai, sannan a sake shi ya kwanta kan ruwa, kifi ya taso ya ɗauka yana zaton abinci ne ya faɗo. Masunta sun yi dariya har sun gaji. Sukan tambaye shi laifin da tabki ya yi masa da yake zabga masa bulala. Ya bar su suna yi, har ranar da suka gan shi ya cika ƙwarya da karfasa ba tare da ya haƙa tana ko ɗaya ba.

Garkata tana kan gangaren tabki. Duk lokacin da ya dawo daga tafiya, ina ban ruwan albasa da tumatir nakan hango su, shi da Auta, tsaye cikin ruwa har cinya, sanda ɗaya suna karɓa-karɓa. Ruwa yana kawo dariya, amma ba ya kawo magana. Na ji dariyarsu ta shekaru, ban taɓa jin abin da ke ba su dariyar ba. A lokacin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne zabina, da na fara gani da wuya a fige da gefen fiffike a tsige. Uwarsa ce ta gaya min cewa ƙudajen Turai ba su yi wa kifinmu ba, yaron ya koma ɗaura nasa, kuma tun da ba zai iya tambayata ba, Auta yake turowa. Na tare Auta na yi masa faɗa. Ya ce, “Yaya, ai ba da gashi suke yin ƙwai ba.” Na ce ya fita min daga garke. Ya fita, bayan kwana biyu na sake ganin wata zabuwa a fige.

A hanyar dawowa daga Kwatano Allah ya yi masa cikawa. Mota ce ta kife. Ban ga gawarsa ba, a can aka yi masa sutura.

A zaman makoki na zauna inda ya kamata in zauna, na riƙe carbina, na amsa wa kowa da alhamdulillahi. Auta kuwa ya yi kuka kamar yaro, a gaban mutane, ba ya ko share fuska. Sai na lura da yadda masu gaisuwa suke yi. Su durƙusa gabana su yi addu'a gajera, su tashi su koma wurinsa su zauna, su dafa kafaɗarsa, su ce sun san shi aka yi wa rashi. Direbobi abokan aikin yaron sun zo daga Maraɗi, suka tambayi wane ne Baba Ƙarami tun kafin su tambayi uban mamaci. Wani dattijo ya yaba min a kan dauriya, ya ce haka manya suke. Na gode masa. A ranar na fara jin wani abu game da ƙanena wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife shi, na daɗe kuma kafin in yarda cewa kishi ne.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon abin da ya bari. Da aka zo kan jakar fatsa, liman ya juya ta bai san me zai kira ta ba. Matar yaron ta aiko daga cikin gida cewa kullum yana faɗin sandar tasu ce shi da Baba Ƙarami. Auta har ya miƙo hannu. Na ce a sa ta cikin rabona. Kowa a zauren ya san ni manomi ne, ban taɓa riƙe ko komar kamun kifi ba. Auta ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Da yamma shi da kansa ya kawo min jakar, ya tsuguna ya fara nuna min yadda ake haɗa gaɓoɓin sandar. Na ce ya ajiye, zan duba.

Na buɗe akwatin ni kaɗai. Gefe ɗaya ƙudajen Turai ne da suka rage, ja da kore da masu walƙiya kamar kayan amarya. Ɗaya gefen nasa ne. Ba su da kyau a ido. Gashin zabina ne mai ɗigo-ɗigo, da baƙin zaren ɗinkin hula, da gashin akuya, wasu har da ɗan yankin silifa don su tsaya a saman ruwa. Wani kamar fara, wani kamar tsutsa, wasu ban san me suke kwaikwayo ba. Kowanne akwai ɗan ƙulli a wuyan ƙugiya inda ya ƙare ɗaurin. Na daɗe ina kallon ƙullin nan. Rigunansa an yi sadaka da su, wayarsa ta farfashe a hanya. Abin da ya rage min da yatsunsa suka yi, waɗannan ne kawai.

Na ƙudura zan kama kifi da su ba tare da na tambayi Auta komai ba. Ina son in sami abu ɗaya na yaron wanda bai biyo ta hannun ƙanena ba.

Na zaɓi wani lungu na tabki nesa da garka, inda bagaruwa ke tsaye a cikin ruwa, don kada a gan ni. Bayan sallar asuba nake zuwa. Na fara da ƙudajen Turai, ina zaɓen wanda ya fi ɗaukar ido, don a tunanina abin da ya burge mutum zai burge kifi. Na ɗaura ja, na ɗaura mai walƙiya, ko leƙowa kifi bai yi ba. Jifan ma ban iya ba. Zaren ya naɗe min wuya, ya naɗe sanda, sau ɗaya ƙugiya ta cire min hula ta jefa ta ruwa. Ina kaɗa sandar da ƙarfi kamar ina koran jaki, sai in ji ƙara a bayana, in duba in ga ƙudan ya tsinke ya tafi. Wanda bai tsinke ba bagaruwa ta riƙe. Na Turai suka ƙare ban ji komai ba. Sai na shiga nasa.

Ban san yadda ake zaɓa ba. Wata rana in ɗauki babba don in ga ko zai jawo babban kifi, wata rana in ɗauki wanda ya fi gashi. Na jefa mai kama da fara a tsakiyar rani, lokacin da ko fara ɗaya babu a ƙasar. Duk wanda na rasa sai in tsaya in duba ƙasa, in duba rassa, in taka ƙaya ina nema. Da wuya in samu. Akwatin yana ta raguwa, ni kuma na san wanda zai iya tsayar da wannan asara yana kwana a bayan katangata.

Auta yakan gaishe ni kowace safiya kamar kullum. Yana ganin wandona jiƙe har gwiwa, sai ya wuce abinsa. Tun da na karɓe sandar ya sari gora ya ɗaura mata zare, yana fatsarsa da ƙudajen da ya ɗaura da kansa, kuma yana dawowa da kifi. Wani lokaci ya aiko mana da shi a dafa. Nakan ce ba na jin cin kifi ranar. Sau ɗaya ya bi ta wurin uwar yaron, ya ce ta gaya min in cire ƙugiya in ɗaura ɗan auduga a bakin zaren, in koyi jifa a fili a kan tudu kafin in shiga ruwa. Shawara ce mai kyau, ko a lokacin na gane haka. Na ƙi bi saboda daga bakin da ta fito.

Uwarsa ta fi ni kunyar yaron, ita ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Tun rasuwar ba ta yi min maganarsa ba. Wata safiya na dawo ta ga akwatin a buɗe kan tabarma, ta tsaya ta dube shi. Ta ce, “Malam, hannunsa kake zubarwa a cikin ƙaya.” Ta ɗauki tulunta ta wuce. Washegari na sake komawa.

Ruwan farko ya sauka wata rana da la'asar, mai yawa, irin wanda ake fita shuka bayansa. Da magariba shinge, garar nan mai fiffike, suka fito, suka cika gari suna bin haske. Da safe mutane suka nufi gonaki da iri, ni na nufi tabki. Ban taɓa ganinsa haka ba. Fuskar ruwan duk fikafikan shinge ce, wasu sun mutu, wasu suna motsi, kifi kuwa yana tasowa ko'ina yana ɗauka, kamar ana yayyafi.

Ƙuda ɗaya ya rage a gefen yaron. Na sha tsallake shi don shi ya fi kowanne rashin kyau: jiki siriri ruwan ƙasa, da dogayen fikafikai biyu kwance a baya. Na sunkuya na ɗebo shinge ɗaya daga ruwa na ɗora a tafin hannuna, na ajiye ƙudan kusa da shi. Tsawonsu ɗaya. Yadda fikafikan suka zarce jiki ɗaya. Ashe yaron ya tsaya ya kalli shinge da kyau, ya ɗaura wannan ya ajiye domin safiya irin ta yau. A nan na gane yadda ake zaɓa: ka duba abin da ke kan ruwa, ka nemi ɗan'uwansa a akwati. Babu wanda ya gaya min. Daga hannunsa ya zo hannuna kai tsaye, kuma na ji daɗin da ban ji ba tun rasuwarsa.

Ya kamata in rufe akwatin in tafi gona. Na ɗaura ƙudan a zare.

Jifa na farko ya faɗi kusa da ƙafata. Na ɗaga na sake kaɗawa da ƙarfi, iska ta ɗauki zaren ta kai shi gefe, ƙudan ya maƙale a reshen wata bagaruwa da ke can cikin ruwa mai zurfi. Ina ganinsa yana lilo. In na ja, zai tsinke. In na shiga, ban iya iyo ba, ni da na girma a bakin tabkin nan. Na tsaya riƙe da sanda, ban ja ba ban saki ba, kifi yana ta tasowa kewaye da ni.

Ban ji zuwan Auta ba. Ashe yana bayan ciyayi da gorarsa tun ɗazu, shi ma ya san abin da safiyar shinge take. Ya ce kada in motsa sandar. Ya tuɓe riga ya shiga, ya yi iyo har gindin itacen, ya hau cikin ƙaya ya karyo reshen gaba ɗaya, ya dawo da shi a baki. Da ya fito damtsensa duk jini ne. Ya zauna a bakin ruwa ya zare ƙugiyar daga reshen a hankali, ya hura wa fikafikan iska suka miƙe.

“Saura nawa, Yaya?”

“Shi ke nan.”

Na fi son ya yi min faɗa, amma ƙane ba ya yi wa wa faɗa. Ya dai ci gaba da juya ƙudan a yatsunsa, na ga ya san shi, wataƙila yana zaune a wurin ranar da aka ɗaura shi. Na ji kishin nan ya taso min. Na tambaye shi yadda ake yi zaren ba ya tsinkewa. Ya fara bayani da nasa kalmomin, na tsayar da shi.

“Ba naka nake so ba. Yadda ya gaya maka.”

Auta ya dube ni, ya kawar da kai. Sannan ya gyara murya, ya ɗan karkata kai gefe, ya ce, “Baba Ƙarami, kai fa ba ka da ladabi. In ka jefa zare baya, sallama ka yi. Tsaya a amsa maka kafin ka shiga gidan mutane.” Ya ce ma'anarsa a jira zaren ya miƙe sarai a baya kafin a turo shi gaba, wanda bai jira ba shi ke jin ƙarar bulala. Ya ce shi ma ya zubar da ƙudaje da yawa a farko, har yaron ya ce zai kai ƙararsa wurin zabin Yaya.

Ban san yaron yana da barkwanci ba. A gabana kansa a sunkuye yake, maganarsa ba ta wuce to da in sha Allahu. Muryar da Auta ya kwaikwaya ban taɓa jin ta ba, amma na san ba ƙirƙira ya yi ba, don karkata kan nan na tsohuwarmu ne. Na tambaye shi ko yaron ya taɓa cewa in zo in gani.

“Bai taɓa ba, Yaya. Kunyarka yake ji. Amma kullum gefen garkarka yake cewa mu tsaya.”

Har yau ban sani ba ko gaskiya ce, ko don ya sanyaya min zuciya ya faɗa. Gefen garkata dama ya fi kifi, kowa ya san haka.

Ya yanke ƙudan daga zaren ya miƙo min, na mayar da shi akwati. Na ga yadda idonsa ya bi shi. Shi ba shi da ko ɗaya na yaron, duk suna cikin akwatin da na karɓe. Na san abin da ya dace babban wa ya yi a wurin nan. Na rufe akwatin na sa a aljihu.

Ya ciro nasa daga jikin hularsa, wani shinge mai fiffike ɗaya dogo ɗaya gajere, ya ɗaura min. Ranar ban kama komai ba. Kafin hannuna ya fara jiran sallama, rana ta ɗaga, kifi ya koma ƙasa. Bayan an gama shuka na bi shawarar audugar, a bayan gari, inda ba masu wucewa. Sai da gero ya kai gwiwa na kama karfasata ta farko, ƙarama, ba ta cika tafin hannu ba, da ƙudan da Auta ya ɗaura. Yana tsaye a gefena, ya yi dariya ya ce da yaron yana nan zai ce in mayar da ita ta kira uwarta. Na yi dariyar ni ma, sannan na ji haushin cewa shi ya san abin da yaron zai ce.

Yanzu ina iya zaɓa daidai gwargwado. Da kaka in ɗaura mai kama da fara, in ba na ganin komai a saman ruwa in ɗaura ƙarami baƙi wanda ke nutsewa. Na fara ɗaura nawa, yatsuna na manomi ne, ƙullin ba ya zama. Shingen yaron bai sake taɓa ruwa ba.

In damina ta kusa, Auta yakan zo zaurena bayan la'asar da zare da ƙugiyoyi, ya ce yana son ya ga na asali don ya kwaikwaya. Ya wuce garke ya figi zabina a gabana, ban hana shi. In buɗe akwatin in ajiye tsakaninmu, kusa da gwiwata. Yana ɗauri yana ba da labari: abin da yaron ya ce wa wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, yadda ya taɓa faɗawa ruwa da sabuwar shadda. Yana kiran sunansa a sake, kamar ba komai. Ina saurare, wani labarin in sa ya maimaita. Bai san iyakar abin da yake da shi ba, yana zubo shi kamar mai sheƙa hatsi, ni ina tsinta. In ya gama ya miƙo hannu zai ɗauki ƙudan ya gwada da nasa, nakan ce ya duba daga nan, yana gani ai.